Adakar da Ba Ta Koma Gida Ba

Shekaranjiya babban ɗana ya zo da mota daga Paris don ya kwashe ni. Shi da ƙanwarsa sun gama shawararsu tun ban sani ba: wai matakalar benenmu ta fi ƙarfin gwiwata, wai mai shekaruna bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Ban yi musu ba, gwiwar tawa ce, na fi su sanin halinta. Na zauna a kujera ina kallo yana cusa zaman shekara arba'in cikin kwalaye, wannan a tafi da shi, wannan a bayar, wannan a zubar. Da ya zo kan tsohuwar adakar ƙarfen da ke bayan ƙofa, ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ji ba nauyi, sai ya ce, "Baba, wannan kam ta gama aiki, duk ta yi tsatsa. In sauka da ita pubel, wajen shara?" Na ce ya ajiye ta inda ya same ta. Ban san muryata ta tashi haka ba sai da na ga ya ja da baya kamar lokacin da yake ƙarami. Tun daga nan yake kewaye ta yana aikinsa, ni kuwa tunani ya hana ni sakat.

Ni ɗan bakin gulbi ne. Garinmu yana gefen Kwara, ƙasa da Gaya kaɗan, kuma ina jin na san muryar ruwa kafin in san sunayen mutanen gidanmu. Safiya tana da jerin sautinta. Ladan tukuna, sannan tarin mahaifina yana gangarawa da birginsa na kamun kifi a kafaɗa, sannan gora tana bugun gefen kwalekwale, ƙwal, ƙwal, har ƙarar ta yi nisa. Can sai mata su iso da wanki, ana buga zane a kan dutse, ana gulma da ƙarfi don ruwa yana cinye magana. Kafin hantsi hayaƙin banda ya rufe unguwa, ya shiga tufafi ya shiga gashi, duk inda ka je an san ɗan gidan masunta ne. Aikina shi ne kwashe ruwa daga cikin jirgi da sakaina, da toshe ɓaraka da tsumma, da tsince ƙaya daga taru har yatsuna su yi jini. Mahaifina a tsaye yake tuƙi, a can ƙarshen jirgi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ban taɓa ganin ya zauna ba. In na sunkuya ina leƙen kifi sai ya zungure ni da gora ya ce, "Ɗaga kanka. Ruwan da ke ƙarƙashinka ka riga ka wuce shi. Dubi can gaba inda ya yamutse, iska ce tahe." Yanzu jikokina ma suna iyo, amma a wani kwami mai rufi da suke kira pisin, ruwan yana warin magani, an ja masa layi-layi kada wani ya shiga hanyar wani.

Lakwal, wato makarantar boko, ita ta raba ni da gulbi, daga wannan gari zuwa wancan, har aka zaɓe ni in zo Faransa koyon aikin injuna. Ranar tafiya mahaifina bai bar kowa ya raka ni ba, shi ya sa ni a jirginsa ya kai ni inda kamyo, babbar motar kaya, ke tsayawa. Sai da na sa ƙafa a tudu, ya nuna mini baya da haɓa, wajen wata doguwar giginya da ake hangowa daga ko'ina, ya ce, "Gindin giginyar can nike ɗaure jirgina. Duk inda kat tahi, can za ka dawo ka ɗaure naka." Na ce, "In sha Allahu, Baba, zan dawo." Ya juya jirgi bai waiwayo ba. Ban sake ganinsa ba. Labarin rasuwarsa a kaset ya same ni, har an yi sadakar arba'in. Wannan alkawarin shi na riƙe a ƙirji duk zamana a ƙasar nan, kuma shi ne dalilin adaka.

Saint-Fons, a gefen birnin Lyon, da na tarar ba irin Faransar littafin lakwal ba ce. Bututun hayaƙi ne jere, da wani wari mai kama maƙogwaro wanda mu ma'aikatan lizin, wato masana'antar, muka daina ji bayan 'yan watanni, sai baƙo ya zo ya toshe hanci mu tuna. Jiniya ke tashe mu, jiniya ke sallamar mu. Kogin Rhône yana wucewa ta bayan lizin ɗin, kullum ina ganinsa ta tagar bis, amma shekara talatin ban taɓa tsoma hannu a cikinsa ba, gani nake kamar cin amanar namu gulbin ne. Hajiya kuwa, matata, da ta biyo ni bayan aurenmu, 'yar Tawa ce, inda in ruwa ya kai gwiwa sai gari ya fito kallo. In bis ta hau gada rufe ido take yi tana salati har mu sauka. Ina yi mata dariya, ita kuma ta ce gara ita da wanda aka haifa yana ƙarnin kifi. Haka muka zauna, ba mu taɓa gajiya da wannan tsiyar ba.

A shekararta ta farko muka sayi adakar a kasuwar tsofaffin kaya, koriya, mai kwaɗo. Duk abu mai kyau da ya shigo hannunmu ciki yake shiga, da kalma ɗaya: na gida ne. Wani lallausan bargo mai zanen damisa, na gida ne. Farantai goma sha biyu masu bakin zinariya, na gida ne. Tukunyar matsi, agogon bango mai kaɗa ƙararrawa, shaddoji, zannuwan gado, ƙaramin keken ɗinki na hannu, duk na gida ne. Mu kuwa muna ci a farantai masu ɓallin baki, muna rufa da bargon da ya sha faci. Yara suka tashi suna yin aikin lakwal a kan adakar, baƙi suka zauna a kanta ranar Lahadi, lokacin da ɗaliban Nijar ke cika mana ɗaki don tuwon Hajiya da miyar kuka, ana sa kaset ɗin gida ana gardamar siyasa har tukunya ta yi fes. Yanzu in ɗalibi ya zo gaishe ni, rabin gaisuwar a kan wayarsa yake yin ta. Da muka sauke farali, muka dawo da fararen yadi biyu da aka wanke da ruwan zamzam, nawa da nata, na ranar da ba makawa. Su muka shimfiɗa a can ƙasa, sauran kaya a bisa. Makullin yana wuyan Hajiya a zare, ni ban taɓa neman sa ba.

Da na yi ritaya, a ƙarshen sanyi, na dawo daga ɗan bikin sallama da abokan aiki suka yi mini, ko takalmi ban cire ba na ce, "Hajiya, bana za mu tahi gida." Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Malam. Amma ka bari matar Babba ta sauka tukuna." Babba take ce wa ɗanmu na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Na ga maganar tana kan hanya, na amince. Ban san cewa shekarar nan gaba ɗaya haka za ta tafi ba, biki na sallama biki na shigowa. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa yin shekara mai daɗinta ba.

Suna a Stains aka yi, a gefen Paris. Muka shiga jirgin ƙasan nan mai gudu, kafin Hajiya ta gama rarraba dambun naman da ta ɗauko wai guzuri, har mun iso Paris, tafiyar da a da ke cin rabin yini. Gidan Babba yana can saman wani dogon bene, kuma ranar nan asansar, na'urar hawa benen, sai da ta gaji da mutanenmu. Ragon suna ba mu ga idonsa ba, wani mahauci ɗan Chadi da ke unguwar Belleville ya aiko da shi a yanke cikin leda, na ce da a garinmu ne tsofaffi sai sun nemi shaidu. Amma da liman ya raɗa suna, na ji sunan mahaifina ne aka sa wa yaron, sai na rasa inda zan sa idona. Aka miƙo mini shi a naɗe. Ina kallon fuskarsa, hannuna kuma yana jin laushin bargon, mai zanen damisa. Na ce, "Hajiya, bargon nan kamar na san shi." Ta ce, "Bargo ai duk kamarsu guda, Malam. Riƙe kan yaro da kyau."

Da muka dawo na sake tada maganar tafiya. Ta ce in bari a aurar da ɗiyata, tunda an sa rana a tsakiyar bazarar nan tasu. Zaman jira ya ishe ni, na fara bin Hajiya kicin ina gyara mata yadda ake yanka albasa, har ta ce in ban nemi abin yi ba ɗayanmu zai kwana a kurkuku. A nan ne wani tsohon Bature da muka yi shekaru a inji ɗaya ya cece mu. Mai Lofe muke ce masa, don ko likita ya hana shi taba lofen bai bar bakinsa ba, yana tsotsarsa babu wuta. Yana da ɗan jirgin ruwa a wani tafki gabas da Lyon, ba inji ba filafili, wani farin ƙyalle ne ake ɗagawa iska ta tura. Ya daɗe yana gayyata ta ina zillewa. Wannan karon na je, da riga da hula, ina taƙama. Na gaya masa a cikin jirgi aka yanke mini cibiya, ba abin da zai koya mini.

Muna barin gaɓa ya ce in zauna. Na ce a garinmu mata da kaya ke zama a jirgi. Na miƙe a can ƙarshe, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, sak mahaifina. Na ɗaga kai na hango ruwa ya yamutse a gaba, na ce masa ga iska nan tafe daga hagu. Ya cire lofe ya dube ni da mamaki, don bai gan ta ba tukuna. Ina cikin jin daɗin kaina iskar ta iso, ƙyallen ya juya, gungumen da ke riƙe da ƙasansa ya zagayo ya share ni kamar an share ɓawon gyaɗa daga tabarma. Sai ga ɗan masunta a cikin ruwa, riga ta kumbura, hula tana tafiya ita kaɗai. Da ya jawo ni ya gama dariyarsa, ya ce, "Abokina, ruwa ka san shi. Amma a wannan jirgin, in ƙyalle zai juya, sunkuyawa ake yi." Na koma gida tsamo-tsamo. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu, Sarkin Ruwa. Kihin hwa?" Sai da ta yi sati tana ba mata labari a waya. Amma na koma. Na koma washegari, na koma jibi. Ƙarar ruwa a gefen jirgi iri ɗaya ce ko'ina, kuma ranar da na fara jin ta bayan shekara talatin, na juya wa Mai Lofe baya don kada ya ga fuskata.

Bikin ɗiyata kwana uku aka yi. Aka je meri, ofishin magajin gari, aka sa hannu, aka ɗaura aure a masallaci, aka kama wani babban zaure aka cika shi da mutanen Paris da na Marseille da waɗanda ban san daga ina suka ɓullo ba. Mata suka yi anko, guɗa ta tashi har maƙwabta Turawa suka leƙo, aka jawo su aka cika musu faranti. Hajiya ta taka rawa, abin da rabona da gani tun tana amarya. Bayan kwana biyu muka je ganin ɗaki. Ina shiga na ga farantai masu bakin zinariya an jera su a kabad, na ƙirga da ido, goma sha biyu cif. Ga tukunyar matsi a kan murhu, ga keken ɗinki a lungu. Na haɗiye maganata har muka dawo gida, sannan na fashe. Na ce kayan gida ne, shekara nawa muna ci a fasassun farantai saboda su. Ta bari na gama, ta ce, "Ɗiyarka guda, Malam. So kake a kai ta ɗaki hannu sake, dangin miji su ce ba ta da uwa?" Na ce ba abin da nake nufi ke nan ba. Ta ce, "To mi kake nuhi?" Na sha kunu kwana biyu, ko a jikinta. Bayan wata guda wani ɗalibi da ya yi shekaru yana cin tuwonta ya gama karatunsa na dokta ya yi aure, aka yi walima a wani ɗan gidan abinci a Belleville. Na ga Hajiya ta shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, rungume da wani abu a naɗe cikin zane, muna tsakiyar hanya abin ya buga ƙararrawa sau huɗu. Duk taragon ya waiwayo. Ni dai na dubi silin na yi kamar ban san ta ba.

Bayan damina na ce to, biki ya ƙare, mu je mu ga fili a sa harsashin gini, in mun dawo sai mu ɗauki adaka. Ba ta musa ba. Aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka yanka, aka dafa, na ci tarwaɗar banda har na ji kunya. Da safe na gangara bakin gulbi ni kaɗai. Giginyar ba ta nan. Inda take an zuba siminti, jirage masu inji suna ta hayaƙi da ƙara, ko muryar masu wanki ba a ji. Wani matuƙi ya miƙo mini hannu ya ce, "Alhaji na Faransa, a ƙetare da kai? Taka a hankali." Ni ake ce wa in taka a hankali, a mashigin ubana. Na karɓi gora a hannun wani dattijo don in nuna musu, ban yi tuƙi goma ba kafaɗata ta ƙi, tafina ya yi bororo. Na nemi kabarin mahaifina, wata tsohuwa 'yar ƙanensa ta kai ni maƙabarta, ta tsaya tana dube-dube, daga ƙarshe ta zana wani fili da hannu ta ce wajen nan ne dai. Na yi addu'a a kan wajen nan ne dai, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar kaset. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, da la'asar ina zaune a ƙofar gida iska ta taso, sai na tsinci kaina ina cewa yau da a tafki ne da mun yi gudu. Ban gaya wa kowa ba. Na sa aka auna fili, na yi ta maganar bulo da ƙarfi. Hajiya a Tawa ta yi murna da danginta ƙwarai, amma duk kasuwar da ta shiga takalmin jariri take tayawa.

Muka dawo Lyon ganye ya fara ja. Mai Lofe ya kira ya ce saura fita ɗaya kafin a ɗaga jirgi a rufe shi saboda sanyi. Ina neman hulata sai na ji Hajiya ta ce, "Malam, yau da ni za a." Na ɗauka wasa ne, sai na ga ta yafa mayafi. A bakin tafki aka ɗaura mata rigar iska ta hana nitsewa mai ruwan lemo a kan mayafin, ta shiga da bismilla, hannu ɗaya ya damƙe gefen jirgi, ɗaya yana jan tasbaha, idonta a rufe gam. Mai Lofe ya ba ni sandar tuƙi ya koma gaba da lofensa, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Sai da muka kai tsakiya, gaɓa ta zama siririya, sannan ta buɗe ido. Ta ciro zaren wuyanta ta ɗora mini makulli a cinya.

Ta ce, "Na kawo ka nan don nan ne ba ka iya tashi ka bar mini ɗaki. Adaka ba komi cikinta, Malam. Na raba duka. Hwararen nan biyu kaɗai sunka rage."

Na ce, "Duka? Shaddojin ma?"

"Duka. Na gida kac ce, kuma gida na kai su. Gidan Babba, gidan ɗiyarka, gidan yaran da sunka ci tuwona." Ta ja tasbaha biyu ta ci gaba. "Na san alkawarin da kay yi ma Baba, Allah shi jiƙan shi. In ka ce mu tahi, wallahi ina bin ka, ban taɓa ƙin bin ka ba. Amma ka sani zuciyata nan za ta zamna, wajen takwaran Baba. Ba ni son in ji hwitowar haƙorinshi ta waya. Kai ma na gane ka can bakin gulbi, kamar baƙon da ka jiran mota. Hwararen nan kuwa, ƙasa duk ta Allah ce, ko'ina ta karɓe su."

Raina ya ɓaci, ba don ta yi ƙarya ba, sai don ta faɗi abin da na ɓoye wa kaina. Na so in yi faɗa, na so in ce mata ita ba a bakin gulbi aka yi mata magana ba. Na ɗaga kai don kada in dube ta, sai na hango ruwa ya yamutse can gaba. Iska ce tafe, dole a juya jirgi. Na tura sandar tuƙi, ƙyalle ya fara kaɗawa, na sa hannu na danna kan Hajiya ƙasa, ni ma na duƙa. Gungumen ya wuce ta samanmu, fuu, jirgi ya miƙe ya nufi gaɓa. Muna duƙe fuska da fuska, ta dube ni ta ce, "A'a, Sarkin Ruwa ya koyi sunkuyawa." Na yi ƙoƙarin riƙe fushina, ya ƙi riƙuwa. Muka yi ta dariya har hawaye, Mai Lofe yana taya mu bai san dalili ba. Da muka sauka na ce mata, "Filin can, a bar ma 'ya'yan ƙanena su gina." Ta ce, "To, Malam," kamar maganar cefane na yi.

Ba ta sake shiga jirgi ba, ta ce sau ɗaya ya ishi mai hankali. Amma duk bazara tana bin mu, ta shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya da butar shayi, in mun matso kusa ta ɗaga mana tasbaha. Ta ga haƙorin takwaran Baba, ta ga faɗuwar haƙorin ma, ta goya ƙannensa uku. Mun sayi sababbin farantai, kuma a cikinsu muka ci. Shekara tara muka ƙara a haka. Sannan ta kwanta ciwo na 'yan makonni, ranar wata Talata da hantsi ta cika. Ni na buɗe adaka da hannuna na ba matan da suka yi mata wanka farin yadi ɗaya. Tana ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari, bis biyu nake shiga kowace Juma'a. Mai Lofe ma ya bi bayanta, 'ya'yansa sun sayar da jirgin. Alkawarin mahaifina ban cika shi ba, kuma ba zan ce abin ya daina yi mini ciwo ba. Ina roƙon ya yafe mini duk sallar da na yi.

Yau da safe aka gama loda mota. Ɗaki ya zama fayau, sai adaka ita kaɗai a bayan ƙofa. Babba ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, gaskiya mota ta cika. Mene ne a ciki haka?" Na ciro zaren daga wuyana na ba shi. Ya buɗe, ya ga farin yadi ɗaya a ninke a can ƙasa. Shi ya sa uwarsa a kabari, ya san ko mene ne.

Na ce, "Zan bi ka Stains, in zauna inda kuka ce. Amma in ranar ta zo, kada ku sa ni a jirgin sama. Ku dawo da ni nan, kusa da uwarku."

Ya rufe adakar a hankali ya sa kwaɗo. Ya sauka ya fitar da kwali biyu daga mota ya bar wa maƙwabta, sannan ya dawo ya ɗauke ta da hannu biyu. Na bi shi a baya ina dafa bango, ina ce masa ya kula da kwanar matakala.